Kore Na Aika, Shuɗi Ya Iso

Samaru, Zariya
Maris, 2000

Zuwa ga Baffa Tasi'u, Limawa, Dutse.

Assalamu alaikum. Baffa, ina gaishe ka gaisuwar 'ya ga uba, da fatan kai da Goggo Indo kuna lafiya. An ce mini ƙafar tana damunka tun sanyin bana, Allah ya kawo sauƙi. Ni lafiya lau nake.

Wataƙila sai na tuna maka ko ni wace ce. Ni ce Ni'imatullahi, 'yar Alhaji Idirisu na Buji, wanda kakansa da kakanka uwa ɗaya uba ɗaya suke. Rabona da kai tun bikin yayana Zailani, ranar da ka tambaye ni me ke sa madara ta zama nono. Na kasa amsawa, ka ce in je in nemo. Har yanzu neman nake.

Ina kan gama digiri na biyu a kimiyyar sinadarai, aikina kuma a kan anilin ne, wanda na san ka sani. Ina zuba shi a ruwan asid mai tsami tare da wani ɗan'uwansa da ake kira toluidin, in tsoma wani gilashi na musamman da ɗan ƙarfe, in sakar musu wuta kaɗan-kaɗan, tana hawa tana sauka. Da farko ba a ganin komai. Can sai wani kore ya fara kwanciya a jikin gilashin, kamar gansakuka a gindin randa. Ƙwayoyin ne ke kama hannun juna suna zama doguwar sarƙa. Abin da ke fitowa roba ce, Baffa, amma roba mai ɗaukar wutar lantarki. Anilin shi kaɗai yana ɗaukar wuta sosai, sai dai yana da taurin kai, ba ya narkewa, ba ya sarrafuwa. In ɗan'uwan ya shiga sai ya yi laushi, wutar kuma ta ragu. Ni daidai nake nema a tsakani.

Ga abin da ya sa na rubuto. Wata jami'a a Indiya, a wani gari na bakin teku, ta ba ni gurbin digiri na uku, su ne za su ɗauki nauyina. Suna jiran amsa kafin ƙarshen Satumba. Baba ya ce karatu ya isa, in dawo in koyar a makarantar 'yan mata. Da na yi ta roƙo, sai ya ce shi bai san wata roba ba sai ta takalmi, amma akwai wanda ya sani a dangi. In ka ce aikina gaskiya ne, zai bar ni in tafi. In ka ce a'a, magana ta ƙare.

Zan ba Ɗanmusa direba ambulan ya kai Buji tare da saƙon Inna, daga can a miƙo maka. A ciki akwai gilashin, kore shar, da wata ƙwaya kamar ta maganin ciwon kai, wadda na kankaro daga gilasai na danne. Ka sa ta tsakanin batiran tocila, tocilar za ta kama.

'Yarka,
Ni'imatullahi


Limawa, Dutse
Afrilu, 2000

Ni'ima,

Wa alaikis salam. Takardarki ta same ni. Ƙafa tana nan yadda take, ni da ita mun saba. Goggonki tana amsawa, ta ce ta gane ki, ke ce 'yar Fulanin da ke gudu in ta ga ɗan maraƙi.

Tun da na dawo daga Ingila mahaifinki bai taɓa neman shawarata a kan komai ba, ko a kan gishirin shanu. Yau ga shi na zama alƙali. To.

Da na karanta sunan anilin sai na ji warinsa a hancina, ina zaune a kan buzu. Na daɗe ban ji shi ba. Ina yaro akwai marina a bayan gidanmu. Nakan tsaya in ga an tsamo zane daga ramin baba, ya fito kore-kore kamar ɗanyen ganye, iska na taɓa shi sai ya juye shuɗi a kan idona. Na ɗauka aikin aljanu ne. Sai a Ingila wani farfesa mai sanƙo ya gaya mana cewa daga shunin nan aka fara tatso anilin. Ranar na fito aji ina tafiya cikin yayyafi kamar ba a ƙasa nake ba. Na ga kamar marinar bayan gidanmu ce ta biyo ni har can, ta zauna a aji tana jira in gane ta. Na yi niyyar in ƙare rayuwata a tsakanin kwalabe.

Ban cika shekara ba mahaifina ya rasu. Dattawa suka zauna a zaure suka yanke cewa gida ba ya zama babu babba, aka aiko mini. Na dawo. Na koyar a wata makaranta a Aujara har na yi ritaya, a ɗakin gwajin da babu kwalba ɗaya mai abu a ciki. Da alli nake zana tukunya, in zana mata wuta a ƙarƙashi, in rubuta launin da za a gani. Yara su haddace, su ci jarrabawa. Da aka yi mana jiha wasu daga cikinsu suka zama manya a sakatariya, in sun wuce ni a mota sukan ɗaga hannu. Wasu kuma sun kawo mini kundin digirinsu in duba, cike da sakamakon gwajin da na san ba a yi ba. Ban ga laifinsu ba. Ni na koya musu rubuta launin da ido bai gani ba.

Saboda haka kada ki yi murna da ni aka zaɓa. A zamanin karatuna roba ita ake naɗe waya da ita don kada wuta ta kama mutum. Na ji ƙishin-ƙishin cewa an samo mai ɗaukar wuta, ban taɓa riƙe ta ba. Ambulan bai iso ba tukuna. In ya iso, abin da idona ya gani shi zan faɗa, ko ya yi miki daɗi ko bai yi ba.

Baffanki,
Tasi'u


Limawa, Dutse
Yuni, 2000

Ni'ima,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. An fara shuka, Allah ya ba mu damina mai albarka.

Saƙonki ya daɗe a Buji kafin mahaifiyarki ta sami mai zuwa Dutse. Ya iso makon jiya. Goggonki ce ta karɓa ta miƙo mini ambulan.

Ba zan ɓoye miki ba, ban buɗe shi nan take ba. Na wanke hannuna tukuna, kamar mai shirin taɓa littafi. Kin ce kore shar. Abin da na ciro shuɗi ne, shuɗin rawanin da ya sha bugu. Na ɗaga shi a rana, na juya, na goge tabarau. Shuɗi. Na sa ƙwayar tsakanin batiran tocila kamar yadda kika ce, na danna, ba ta kama ba. Na aika aka sayo sababbin batir, ba ta kama ba. Na cire ƙwayar, tocila ta kama tar.

Na daɗe zaune da abin a tafin hannuna. Ba ke na ji wa haushi ba, kaina na ji wa, tsoho da furfura yana wanke hannu don ya taɓa gilashin da aka shafa wa shuni. Wataƙila wani ne ya haɗa miki. Wataƙila a littafi kika karanta kore kika rubuta kore, yadda ɗalibaina suke yi. Ban sani ba.

Mahaifinki ya zo ranar Juma'a. Ya tambaye ni, na ce masa abin da aka ce zai kama bai kama ba. Ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda aka sauke wa kaya, ya ce dama.

In kina da abin cewa game da wannan shuɗi, ki rubuto. Na aika wannan ta gidan waya zuwa sashenku.

Tasi'u


Samaru, Zariya
Yuli, 2000

Baffa,

Assalamu alaikum. Ina fatan ƙafa ta yi sauƙi, a gaida Goggo.

An rufe makaranta tun watan jiya, sashenmu a kulle yake, ina zaune a gidan wata ƙawar Inna. Tun takardarka ta Afrilu ban sake ji daga gare ka ba. Na karanta ta har ta fara yagewa a ninki. Maganar marinar nan ta sa na ga kamar akwai mutum ɗaya a danginmu da yake ganin abin da nake gani.

Jiya Yaya Zailani ya zo. Ya ce ka duba aikina ka ce ba gaskiya ba ne. Iyakar abin da ya ce ke nan, ban kuma tambaye shi ƙari ba. Ba a yi mini tarbiyyar jayayya da babba ba, ba kuma zan fara a kanka ba. Ka ga koren da idonka, ka gwada ƙwayar, ka ga bai kai ba. Ka fi ni sani.

Na fara haɗa kayana. Da an buɗe makaranta na miƙa kundina zan dawo Buji. Takardar ba da haƙuri ga mutanen Indiya na rubuta ta, tana cikin jakata, ƙarfin halin kai ta gidan waya ne ban samu ba tukuna.

Wani lokaci in na rufe ido ina ganin koren yana hawa gilashi a hankali. Ina jin zan ci gaba da ganinsa ko ina gaban allo.

'Yarka,
Ni'imatullahi


Limawa, Dutse
Agusta, 2000

Ni'ima,

Assalamu alaikum. Lafiya muke. Kada ki kai waccan takarda ta ba da haƙuri gidan waya. Ki karanta tawa har ƙarshe tukuna.

Da na ga kin rubuta cewa na ga koren da idona, sai na gane takardata ta Yuni tana kulle a sashenku, ba ki ma san abin da ya iso hannuna ba. Shuɗi ne ya iso, 'yata, ƙwayar kuma a mace. Mai ƙarya ba ya rubutu yadda kika rubuta, amma ni idona na ce zan bi, idona kuma shuɗi ya gani. Haka na yi ta juya abin ban sami bakinsa ba.

Gilashin na wurgar da shi a kan taga tun watan Yuni. Wata safiya Goggonki ta jiƙa tsamiya za ta dama kunu, ta ɗora ƙwaryar a kan tagar. Da ta ɗauke, ruwan ya ɗiga. Ina zaune ina kallon banza, sai na ga wani ɗigo a tsakiyar shuɗin yana sauya kama. Ya yi duhu, ya yi kamar ruwan kududdufi, sannan ya buɗe kore. Kore na gaske, yana faɗaɗa a hankali kamar ciyawar farkon damina a kan tudu. Ban motsa ba. Na ga kaina a bakin marina da ɗan wando, sai dai wannan karon zanen baya yake komawa, daga shuɗi zuwa kore, kamar ana mayar mini da shekaruna ɗaya bayan ɗaya. Goggonki ta ce, "Malam, lafiya kake magana da taga?"

Sai karatun da na binne ya taso. In tsami ne ke dawo da shi, to kishiyar tsami ce ta kashe shi. Na ce mata, "Indo, a cikin me ambulan ɗin nan ya zo?" Ta ce, "A cikin samira mana, shi da daddawa. Sabuwa fil, har da ɗan ƙullin kanwa. Ai ka sha miyarta, har ka ce Iyatu, uwar Ni'ima, ta iya daddawa."

Kin san halin gidanku. Mahaifiyarki ba za ta aika wa babba da takarda tsirara ba, sai ta haɗa da tsaraba. Don kada ambulan ya ɓata ko ya jiƙe, ta sa shi a wuri mafi aminci da ta sani, ta rufe da murfi, ta ɗaure da tsumma. Haka ya yi makonni yana shaƙar warin daddawa. Warin nan mai hawa ka amoniya ce, ke kin fi ni sani yanzu. Ta bi ta takarda ta zare wa robarki tsaminta. Na ji warin a jikin ambulan ranar da na buɗe, amma duk abin da ya fito daga Buji haka yake wari, ban kawo komai ba.

Na je wurin mai cajin batir na bakin kasuwa na karɓo ruwan batir, wanda shi ma tsami ne, na sirka, na tsoma gilashin. Ya koma kore shar, yadda kika faɗa. Na tsoma ƙwayar, na shanya ta a inuwa. Washegari na hau motar Buji da ƙafar nan tawa.

Na sami mahaifinki ya dawo daga wurin shanu. Tun da aka ƙaddamar da shari'a kowa a garinku ya zama malami, maƙwabta sun cika masa kunne cewa 'ya mace ba ta ƙetare ruwa. Na ce masa ba wannan ya kawo ni ba, ya ba ni tocilarsa, mu shiga ɗaki. Rana tsaka muka rufe ƙofa, muka toshe taga da buhu. Na yanki ɗan gefen takalminsa na roba na sa tsakanin batir, na danna. Duhu. Ya ce, "Ka ɓata mini takalmi don ka nuna mini duhu?" Na cire, na sa ƙwayarki, na danna.

Ta kama. Ba da ƙarfi ba. Wani ja-ja ne kamar garwashin da toka ta rufe, ya haska gemunsa da gefen hancinsa kawai. Ni dai a wannan ɗan haske na ga ɗakin gwajin Aujara, na ga duk tukwanen da na zana da alli sun cika da ruwa masu launi suna tafasa.

Mahaifinki ya ce, "Tasi'u, ai tocilar ta fi haske in babu abin nan. Shekara da shekaru tana karatu don ta rage wa tocila haske?" Na ce, "Yaya, takalminka roba, wannan ma roba. Ɗaya ta hana wuta wucewa, ɗaya ta ba ta hanya. 'Yarka ce ta yi ta biyun da hannunta. Warin daddawar da aka haɗo ta da ita ne ya kashe ta a hanya. Abin da na gaya maka a Dutse na janye shi."

Ya karɓi tocilar ya yi ta kashewa yana kunnawa. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ni ba robar ce damuwata ba. Tsorona kada ta je ta dawo irinka, ta zauna tana jin haushin kowa."

Ban ji zafi ba, gaskiya ya faɗa. Na ce, "Ni ba dawowa na yi ba, Yaya, dawo da ni aka yi. Kana zauren ranar, kai ne ka kai takardar gidan waya."

Tocila tana nan kunne a tsakaninmu. Daga waje mahaifiyarki, wadda ashe tana jin komai, ta ɗaga murya: "Wai daddawata ce ta yi wannan ɓarna? To wallahi ko gobe ba zan aika wa Malam takarda babu tsaraba ba, sai dai a canja robar!" Mahaifinki ya yi dariya har ya yi tari. Da ya nitsa ya ce Zailani zai raka ki har can, ya ga inda za ki zauna, ya dawo. Ya ce in rubuta miki, shi bakinsa ba zai iya ba.

Kada ki gode mini. Na kusa yi miki abin da aka yi mini, da hujja mai kyau kamar yadda su ma suke da tasu.

Abu biyu. Na farko, robar da ke jin warin daddawa ta cikin takarda ba ƙaramar roba ba ce. Ki tambayi malamanki na can ko hanci za a yi da ita, a rataya a garke ko a rumbun taki. Ni yanzu in Goggonki ta buɗe samira kusa da taga sai in ga gilashin ya fara ɓata rai. Na biyu, kin ce garin a bakin teku yake. Ni sau biyu na bi ta kan teku. Da zan tafi gajimare ya rufe shi, da zan dawo ban leƙa ba. In kin isa ki je ki tsaya, ki rubuto mini launinsa. Wanda kika gani, ba wanda aka ce ba.

Wannan takarda a hannun Ɗanmusa na ba da ita, na ce ya sa a aljihun gaba, ya miƙa miki hannu da hannu. Goggonki ta kawo ƙullin kuka a haɗa, na hana. Har yanzu ba ta yi mini magana ba.

Baffanki,
Tasi'u


Indiya
Nuwamba, 2000

Baffa,

Assalamu alaikum. Mun sauka lafiya, Yaya Zailani yana shirin kamo hanyar gida, shi zai kawo maka wannan. A gaida Goggo, a ce mata kukar da aka hana ta aikowa ita nake mafarki. Ya ƙafa?

Ka ce kada in gode, ba zan saɓa maka ba. Malamina na nan ya sa na ba shi labarin samira sau biyu, yanzu a kan amoniya zan yi aikina.

Na je bakin tekun ranar Asabar da safe. Na tsaya har ruwan ya taɓa ƙafata. Kusa da ni kore ne, Baffa, irin namu, har ana ganin yashi a ƙarƙashinsa. Can nesa, inda ya haɗu da sama, shuɗi ne kamar zanen da aka tsamo aka shanya. Na daɗe ina neman inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara don in gaya maka daidai, ban samu ba. Abin da na gani ke nan.

'Yarka,
Ni'imatullahi